Maharazu da Fiƙoƙin Baba

Kafin masu shara su gama da barandar asibiti, Malam Maharazu ya riga ya kafe kekensa a gindin darbejiya, ya dafa ƙarafunan aikinsa, ya zauna jiran masu dafe da kumatu. Haka yake tun ina 'yar firamare. Shi ne ma'aikacin ɗakin haƙori a nan Daura, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Tun da na ji labarin hankalina bai kwanta ba.

Ana yi masa tsiya wai ya cika nawa. Ka zo da kumburi kana cewa a fizge, shi kuwa sai ya zura ɗan siririn ƙarfe tsakanin haƙori da dasashi ya ji zurfin ramin, ya girgiɗa, ya tura ka ɗaukar hoto, ya tambayi sugarka. Iya Lami ta garin Babban Mutum ta tafi da fushi don ya ƙi cire mata haƙorin turmi. Da shi take tauna goro har yau.

Bara na kai masa mahaifina, Alhaji Mainasara, dillalin dabbobi a kasuwar Mai'aduwa. Duk rayuwarsa buɗe bakin rago yake yi ya faɗi shekarunsa, amma nasa bakin ya hana kowa gani. Ga ciwon suga, ga mugunya na tsattsafowa daga dasashi, abinci ya koma kunu zalla. Malam ya ɗaga hoton haƙoran ya duba.

Sai ya miƙa wa Baba madubi. "Alhaji, taɓa su da kanka. Da a kasuwar kara ka ga wannan bakin, me za ka ce?"

Baba ya taɓa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe. "Sai mahauta," in ji shi.

"A'a, ranka ya daɗe, wannan hukuncin rago ne. Ƙashin da ke riƙe da na gaban nan ya cinye, ba zan yaudare ka ba, barinsu cuta ne. Amma fiƙoƙin nan biyu suna da saiwa. Su zan bari su riƙe maka haƙoran roba."

Haka aka yi, bayan suga ya sauka. Da babbar sallah Baba ya ci soyayyen nama, na shiga ɗaki na yi kuka.

Malam Maharazu, kai ne ba ka gaggawar raba mutum da abin da ba ya sake tsirowa. Kai ne kuma idan lokaci ya yi ba ka ɓoyewa don tausayi. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku matasan da za ku gaji kujerarsa, ku je ku tsaya a bayansa cikin 'yan kwanakin da suka rage, ku koyi yadda yake dubawa da yadda yake faɗa.

Don Allah ku yi sauri. Fiƙar hagu ta Baba ta fara motsi, dasashin ya sake yin ja. Kafin in ji labarin ritayar na ce mu je asibiti bayan ya sayar da ragunan hannunsa, wata mai kamawa. Ya ce to, amma in ba Maharazu ne ya ce a cire ba, babu wanda zai buɗe wa baki. Har yanzu na kasa gaya masa Malam zai yi ritaya kafin lokacin.