Autar Ayari

Bong Hyeran ta cika shekara arba'in da uku a bana, amma har yanzu akwai mutum uku a garin Gumi da ba su san wani suna nata ba sai Auta. Aikinta duba gilashin waya ne a wata masana'anta da ke bakin kogi. Tun bakwai na safe take zama ƙarƙashin farar fitila, tana juya gilashi ɗaya bayan ɗaya, tana neman ƙarzuwar da ba ta kai silin gashi ba. Ba ta yi aure ba. Tana zaune da mahaifiyarta a hawa na tara, kuma a duk kwana bakwai na mako, yammacin Asabar kaɗai take kira nata.

A masana'antar suka haɗu su huɗu, lokacin tana sabuwar zuwa. Maeng Dongchol, mai gyaran injuna, shi ne babbansu, ya ba ta shekara goma sha ɗaya. Daga shi sai Tak Sangu, sai Ok Migyong, sannan ita. Dongchol ne ya ja su wata Asabar zuwa shagon wasan kwamfuta da ke saman kantin takalma, ya ce ya gano wani wasa da ba ya yiwuwa sai da ayarin mutum huɗu. Ɗaya zai riƙe garkuwa ya tsaya gaban dodo ya sha dukan, biyu su yi ta kai masa sara da jifa, na huɗu kuma ya tsaya can baya yana yi wa sauran magani kada su mutu.

Ba a yi shawara ba ranar, don ba abin shawara ba ne. Yadda ba wanda zai ɗaga cokali kafin babba ya ɗaga, haka ba wanda ya taɓa linzamin kwamfutarsa sai da Dongchol ya zaɓa. Ya ɗauki garkuwa. Sangu ya ɗauki matsafin wuta, Migyong ta ɗauki mai takubba biyu. Hyeran kuwa idonta na kan wata doguwar maharbiya mai shaho a kafaɗa, har ta kai linzami kanta, sai Dongchol ya leƙo daga kujerarsa.

"Auta, saura mai magani."

Ta ce to.

Shekara goma sha tara ke nan da wannan to ɗin. A tsakani sun canza wasa sau uku, kowane karo kuma bisa tsarin nan: babba ya zaɓa, na bi masa ya zaɓa, abin da ya rage na Auta ne. Dongchol ya bar masana'anta ya buɗe shagon gyaran tukunyar ɗumama gida. Sangu ya koma sayar da tayoyi. Migyong ta yi aure ta haifi tagwaye, tagwayen har sun fi ta tsawo. Asabar ce kawai ba ta motsa ba: ƙarfe biyu zuwa shida, kujeru huɗu a jere kusa da taga, kwanon taliya mai yaji a gaban kowa.

Mai magani ba ta kallon dodo. Jajayen layuka huɗu take kallo a gefen allo, kowane layi ran mutum ɗaya, wanda ya fara raguwa ta cika shi. Akwai dodannin da suka kashe sau ɗari, Hyeran ba za ta iya faɗar kamanninsu ba. In an ci nasara, wutar Sangu ce. In an mutu, sai Migyong ta zungure ta da gwiwar hannu ta ce ko barci ne ya kwashe ta, Sangu ya ce ai likitarsu ta tafi hutun cin abinci. Ita ma takan yi dariya. Ba ta taɓa ƙullatar Dongchol ba. Da mahaifinta ya rasu, kwana uku ya yi a ƙofar zauren makoki yana jera takalman masu ta'aziyya, kuma shi ya kama gaban akwatin gawar. Mutumin da ya yi maka haka ba ka ce masa ba ka son magani.

A hunturun bara Dongchol ya faɗi a ɗakin ƙasa na wani gida yana tsakiyar aiki. Shanyewar ɓarin jiki ce, gefen hagu. Bayan wata huɗu ya hawo benen shagon da sanda, mataki ɗaya ya huta, ya zauna a kujerarsa ya ce wa mai shago a ƙara masa yaji. Maganarsa ta dawo kusan duka. Amma ƙaramin yatsansa na hagu da na kusa da shi sun lanƙwashe cikin tafin hannu, kuma su ne yatsun da ke ɗaga garkuwa.

Asabar tara a jere suka mutu a gaban dodo ɗaya. Ba wanda ya ambaci hannun Dongchol, don ba mai bakin faɗa. Sangu ya ɗora wa layin intanet na shagon laifi. Migyong ta ce idonta ne ya fara gajiya. Hyeran ce kaɗai take ganin abin filla-filla, don layin ran Dongchol take kallo: duka ya sauka, garkuwa ta tashi bayansa da kamar rabin numfashi, layin ya zube ƙasa gaba ɗaya kafin maganinta ya isa. Sai ta ce laifinta ne, ita ta makara. Shi kuma ya gyaɗa kai ya ce ta dinga sa ido.

Ana haka kamfanin wasan ya buɗe sabuwar duniya, inda kowa zai fara daga tushe da sabon zaɓi. Ran wata Laraba bayan an tashi aiki, Sangu ya kira matan biyu zuwa shagon shayi. Ya daɗe yana juya kofi kafin ya fito da ita. Migyong tana da ƙanwar miji, Bora, 'yar shekara talatin da huɗu, hannunta kamar walƙiya. Akwai wani shago a tsallaken kogi inda ba wanda ya san su. Lahadi da yamma kowa ba ya aiki.

"Ba korar Yaya Dongchol muka yi ba fa," in ji shi. "Asabar tana nan yadda take. Amma ni na tsufa da mutuwa a ƙofar kogo ɗaya."

Hyeran ta ce ba daidai ba ne, ko a gaya masa ko a bari. Migyong ta tambaye ta wa zai gaya masa, ita? Sangu ya ce shi zai riƙe garkuwa tunda yanzu shi ne babba, Migyong ta ce ita wuta take so ta gwada, magani kuwa ya faɗa kan Bora.

"Ke kin tashi daga auta, 'yar tsohuwa," in ji Migyong. "Me kike so?"

Hyeran ta san abin da ya kamata ta ce. Sai ta ji bakinta ya ce, "Maharbiya."

Da a ce abin bai yi daɗi ba, da da sauƙi. Ran Lahadin farko ta ga ashe sararin sama a wasan ruwan hoda ne, kuma tsuntsaye na wucewa. Ta hau kan dutse ta saki kibiya, ta ga wani ƙato mai ƙaho ya durƙusa saboda ita, ita kaɗai. Ba ta duba layin kowa ba. Da ta mutu, Bora ce ta sunkuyar da kai tana ba ta haƙuri. A motar komawa gida ta lura kumatunta na ciwo, ta gane murmushi ne ya gajiyar da su. Ran Litinin a wurin aiki ta bar gilashi biyu masu ƙarzuwa suka wuce, abin da ba ta yi ba shekara da shekaru, don hankalinta na kan wani sabon baka da za ta samu.

Lahadi bakwai suka yi haka. Asabar kuma ta fara zubewa. Sangu ya ce kaya za su iso shago. Migyong ta ce tagwaye na da jarrabawa. Dongchol bai taɓa tambaya sau biyu ba, sai ya ce to, harkar gida ai ita ce gaba. A Asabar ta takwas Hyeran ta hau benen ta tarar da shi kaɗai a jeren kujerun, sandarsa jingine da taga, ya riga ya sa an kawo taliya kwano biyu.

Ya bari ta zauna, sannan ya zaro wata takarda a ninke daga aljihun rigarsa ya shimfiɗa tsakanin kwamfutocin. Rubutun hannun dama ne, tsaf-tsaf: sunayensu huɗu, da layi a gaban kowane. Na Sangu da na Migyong ba komai a gabansu. A gaban nasa ya rubuta mai magani.

Ya ce shi ba makaho ba ne. Tun Asabar ta uku ya san hannunsa ne, ya dai rasa ta inda zai fara faɗa, su kuma sun yi ta rufa masa asiri har abin ya fi ƙarfin kowa. Ya ga dalilin da ya sa waɗancan biyun suka fara janye jiki, bai kuma ga laifinsu ba. Ya ji an buɗe sabuwar duniya. Sati uku ke nan yana gwada mai magani a gida da yatsu uku, matarsa har ta ce zai fasa mata madannan kwamfuta. Bai iya ba tukuna, amma in ta koya masa zai iya.

"Shekara goma sha tara ban taɓa tambayarki ba," ya ce. "Wannan karon daga ƙasa za a fara. Auta ce za ta fara zaɓa. Shiga mu gani."

Hyeran ta dubi allon. Ta san abin da ke bayansa: duk wanda ya shiga sabuwar duniyar, jarumin da yake da shi a can ne zai fara fitowa ya tsaya a tsakiyar allo, da sunan ayarinsa a ƙasa. Tana iya cewa ta manta lambar sirri. Tana iya cewa kanta na ciwo. Ƙarya ta iya ta, wata huɗu ke nan tana yi masa ita duk Asabar. Amma yana zaune yana jira, hannun hagun a kan cinya, ya matso da kujerarsa don ya gani sosai.

Ta buga lambar.

Maharbiyar ta fito, doguwa, da shaho a kafaɗa, sanye da sulken da ba a samu sai an yi makonni ana wahala. A ƙasa ga sunaye huɗu. Dongchol ya san sunan da Sangu yake sa wa jarumansa, ya san na Migyong. Ya daɗe yana karantawa kamar rubutun na da yawa.

Ya tambaya wa ke riƙe garkuwa, ta ce Sangu. Ya ce Sangu ba shi da haƙuri, a gaya masa ya daina bin dodo, ya bari dodo ya zo masa. Ya tambaya wace ce ta huɗun, ta gaya masa. Ya tambaya wace rana, ta ce Lahadi. Duk wannan da murya ɗaya, irin wadda yake tambayar mai gida yaushe tukunya ta fara ɗiga.

"Da daɗi?"

Ta so ta ce ba wani daɗi, Sangu ne ya matsa. Ta dubi kwanon taliyarta.

"Da daɗi, Yaya."

"To madalla," ya ce. "Ci abincinki, zai huce."

Suka ci. Ta ce masa za ta iya buɗe wani sabon jarumi, su yi su biyu duk Asabar, ta koya masa maganin tun daga farko, ba abin da zai hana. Ya ce mutum biyu ba ayari ba ne. Ta ce za ta yi wa Sangu magana, a samo hanya. Ya ce ita ma ta san wasan mutum huɗu ne, kuma sun cika. Ya ninke takardar da hannu ɗaya, yana danne ta da gwiwar hannun hagu, ya mayar aljihu. Da ta miƙe za ta riƙe shi a bene, ya ce ta zauna, lokacinta na kwamfuta bai ƙare ba. Tana zaune tana jin sandar tana sauka mataki-mataki har ƙarar titi ta shanye ta.

Washegari da hantsi wayarta ta nuna Maeng Dongchol ya fita daga zauren hirarsu. Bai bar saƙo ba. Nan da nan Sangu ya kira yana tambayar me ya faru, ta gaya masa duka, har da takardar. Ya ce kash. Sannan ya ce wataƙila hakan ya fi, ai dama wata rana sai an yi ta. Ya ce Bora ta riga ta kama musu kujeru, kada ta makara.

Ƙarfe ɗaya da rabi Hyeran tana tsaye a tashar bas da ke ƙasan gidansu, da kwalin lemon zaƙi da mahaifiyarta ta ce a kai wa Dongchol mara lafiya. Motoci biyu ke tsayawa a wurin. Ɗaya tana hawa tudu zuwa unguwarsu Dongchol, ɗaya tana tsallaka gada. Ta unguwar ce ta fara zuwa. Ƙofa ta buɗe, direban ya dube ta, ya jira kaɗan, ya rufe ya wuce.

A tsallaken kogi Migyong ta ce kai, wa ya kawo lemo. Suka ɓare suka raba su huɗu.