Gasayar Bayan Katanga

Munkaila mutumin Alela ne, manomi ɗan manomi. Ƙaramar gonarsa ta kasa ci da iyali, sai ya sauko Konni ya kama aikin lambu a gidan wani Nasara mai haƙa rijiyoyi, wanda kowa ke kira Mushe, wato malam da Faransanci. Na san shi a shekarar da na dawo gida daga karatu, 1973, shekarar da ruwa ya ɗauke, shanu suka faɗi a hanyar Badagishiri.

A lokacin, tsakar gidan Mushe kaɗai ke da kore a unguwar. Kiri-kiri ne aka shimfiɗa, ciyawar nan mai yaɗo, ana ba ta ruwa safe da marece. Inda ruwa ya sauka kuwa gasaya da rukuɓu sai sun fito. Aikin Munkaila shi ne ya tuge su, amma bai taɓa tugewa da saiwa ba. Kai yake tsinkewa, ya miƙa wa matan unguwa ta ƙofa su yi kwaɗo, bayan kwana kaɗan ganye ya sake tohowa.

Mace ɗaya ce ba ta zuwa ƙofa. Sunanta Tsahara, Bafillatana, matar wani makiyayi Abdurrahaman da shanunsa suka ƙare. Mutanenta ba su roƙo. Da azahar, in gari ya yi tsit, takan zo bayan gida inda katanga ta zube, ta miƙa hannu ta tsinka. Munkaila ya sani. Lokacin nan yakan juya baya yana gyaran tiyo, bai taɓa gaishe ta ba, don gaisuwa za ta nuna ya gan ta.

Mushe ya gaji da ganin haki ba ya ƙarewa. Ya dawo daga Yamai da gwangwanin magani da famfon feshi na goyo, ya ce maganin yana kashe mai faɗin ganye ya bar kiri-kiri. Ya tsaya a kan Munkaila har ya feshe filin duka, har gindin katanga. Ya ce kada mutum ko dabba su ci, ya shiga mota ya tafi.

Munkaila ya bi matan unguwa gida gida ya gargaɗe su. Tsahara ce bai san yadda zai yi da ita ba. Ya yanke shawarar ya tuge na bayan katanga kafin azahar, amma sai ya fara kai famfon can bayan gari don ya wanke shi nesa da rijiya. Da ya dawo, gasayar ba kai. Sawun ƙafa na nan a rairayi.

Ya ruga zuwa inda Filanin suka yada zango. Ya tarar da tukunya a kan murhu tana tafasa, yara sun kewaye ta, Abdurrahaman na zaune da sandarsa, tsohuwar uwarsa a gefe.

Bayan sallama Munkaila ya ce, “Baiwar Allah, ganyen ga, ina kika samo shi?”

Tsahara ba ta ɗaga kai ba. “Daji.”

“Wane daji ke da gasaya bana?”

Abdurrahaman ya ce, “Kai kaɗo, mi ya haɗa ka da tukunyar matar mutane? Yunwa ce, ka zauna a zuba maka.”

“Malam, an zuba wa ganyen gidanmu magani yau. Mai kisa.”

“To mi ya shahe mu? Mu ba mu san gidanku ba.”

Tsahara ta ɗauki ludayi ta fara tsame ganyen a ƙwarya. Wata 'yar ƙarama ta matso tana miƙa hannu. Munkaila ya sa ƙafa ya ture ƙwaryar, ya ture tukunyar, ruwan ya kashe wutar.

Abdurrahaman ya miƙe da sanda. Munkaila bai gudu ba, bai kuma ce na gan ta ba.

“Bar shi,” in ji Tsahara, muryarta ƙasa ƙasa. “Can nake tsinkowa. Tun da bazara.”

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska. Abdurrahaman ya sauke sandar, ya tona rami da ita, ya tura ganyen ciki ya rufe. Bai dubi matarsa ba, bai dubi baƙon ba.

Tsahara ba ta sake zuwa bayan katangar ba. Gasayar Mushe ta murɗe ta bushe, kiri-kirin ya yi luf yadda yake so.

Munkaila ya ci gaba da aikinsa. Sai dai ya karkata bakin magudanar ruwan wanka zuwa waje, ya watsa irin gasaya a gefen hanya, inda ƙasar ba ta kowa ba ce. Da ta fito, na tambaye shi ko Tsahara na cikin masu tsinka.

Ya ce, “Da azahar ni tiyo nake gyarawa.”