Ƙwan Shamuwar Gidanmu

Ranar wata Alhamis a farkon damina, shekarar da na shiga aji uku, na hau dalbejiyar da ke tsakar gidanmu a Gadarif ta ƙasar Sudan na kwashe ƙwai biyu daga sheƙar shamuwa. Ba mugunta ba ce, wallahi. A makaranta ustaz ya ba mu labarin masana na dā da suke shiga daji suna tara ƙwai da ganyaye da fukafukai don su san halittun Allah, ni kuwa na ce ai ga sana'ata. Ban ko tsaya wanke baƙar lakar da ta maƙale mini a ƙafa ba, na haye, na dirgo da ƙwan a cikin hula, har da ɗuminsu.

Habboba, kakata ta wajen uba, tana toya kisra, gurasarmu ta garin dawa, a bakin murhu. Da ta leƙa hular sai ta saki salati. A wajenmu ba a taɓa shamuwa, ita ke zuwa da damina, gidan da ta zaɓa kuma ana yi masa barka. Shekara da shekaru tana sauka a bishiyarmu, ga shi yanzu ta tashi tana kewaye sama ta ƙi sauka. Habboba ta ce, "Maigida, ka kori baƙuwarmu. In ƙwan nan ya huce, halas, shi ke nan ya lalace." Maigida take kirana don tsokana, amma ranar babu dariya a ciki. Na koma sama na mayar da su yadda na same su.

Sai ta zaunar da ni nesa da bishiyar, ta ce kada in motsa. Muna jira ta ba ni labarin wani malami a ayarin kakanninmu da suka taho a ƙafa daga yamma za su Makka. Shi ba ya tsinka, ba ya kamawa. Zama yake yi ya harɗe hannuwa a baya yana kallon tsuntsu, ya rubuta da ajami abin da yake ci da lokacin da yake tashi. Mutane suna ce masa malalaci. Da ruwa ya ƙare wa ayarin, shi ya lura da inda kurciyoyi ke nufa da yamma, aka bi su har bakin tafki. "Shi ma masani ne," in ji ta, "amma hannunsa a baya yake."

Kisrar ta huce, awakin da ya kamata in kai kiwo suna ta kuka, ni dai ido na sama. Dab da la'asar shamuwar ta sauko a hankali, ta juya ƙwan da baki, ta kwanta a kansu. Kai, ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba! Na fashe da kuka, Habboba tana ta yi mini dariya. Bayan 'yan makonni kawuna biyu suka leƙo daga sheƙar.

Yanzu an sare dalbejiyar an yi ɗakin bulo a wurin, Habboba ta daɗe da rasuwa, shamuwa kuma sai a unguwannin bayan gari nake ganinta. Nakan kai 'ya'yana can da farkon damina in ba su labarin malamin. Har yau in na tsaya gaban sheƙa, sai in tarar hannuwana sun koma baya da kansu.