Ranar da Baba Ya Janye Hannunsa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina wani lokaci sai na yi ta lalube, amma ranar da muka je Jidda sayen jirgin ruwa ni da mahaifina tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a kai ni makwanci. A shekarun nan ne na bayan babban yaƙin Turawa, lokacin da alhazai suka sake cika hanya. Ina da shekara ashirin da bakwai, ga mata ga jaririya, muna zaune gida ɗaya da iyayena a unguwar Utaibiyya a Makka.

Baba mutumin Yawuri ne, cikin sarkawa aka haife shi, a cikin kwalekwale ya koyi zama kafin ya koyi tafiya. Da ƙafa ya zo Makka yana saurayi, ya sauke farali, sai zama ya kama shi. Mutumin da ya tashi a kan kogi ya ƙare yana sayar da ruwa a garin da babu ko rafi, da farko a salka, daga baya garwa biyu a sanda, yana hawa da sauka a duwatsun Makka har kafaɗarsa ta yi kanta. Amma bakinsa bai taɓa barin kogi ba. In aka zauna bayan la'asar a ƙofar gida, ko zancen tsadar gero aka ɗauko, sai ya san yadda ya karkato da shi zuwa jirgi: yadda ake zaɓen maɗaci, yadda ake ƙwanƙwasa katako a ji lafiyarsa. Maƙwabta suka laƙaba masa Sarkin Ruwa, rabi tsokana rabi girmamawa, shi kuwa ya riƙe rabin girmamawar da hannu biyu.

Ni kuma na yi aiki lokacin hajji sau biyu a Jidda a kan sambuk ɗin wani Balarabe. Sambuk jirgin katako ne mai babban zane da iska ke turawa. A lokacin manyan jiragen hayaƙi ba sa iya matsowa gaɓa saboda duwatsun cikin ruwa, can nesa suke tsayawa, mu ne ke zuwa mu kwaso alhazai da kayansu. Na iya jan igiya, na iya juya zane, na ga kuma inda riba take zuwa. Sai na ƙudura in sayi nawa, ko da tsoho ne. Sabo dai ko a mafarki ban taya ba. Na haɗa abin da na tara, matata ta kawo 'yan kunnenta, Inna ta ciro awarwaron azurfarta da ta zo da su tun daga gida ta ajiye a gabana. Duk aka mai da su kuɗi, aka ɗinke cikin ɗamara na ɗaura a ƙugu. Bayan wannan ɗamarar babu sauran komai a gidanmu da za a iya sayarwa.

Ba a ma yi shawarar wanda zai zaɓi jirgin ba, kowa ya san Baba ne. Idonsa ya fara hazo a lokacin, amma ya ce jirgi ba da ido ake sayensa ba. Safiyar tafiyar ya saka farar rigarsa ta Juma'a, maƙwabta suka rako mu har inda ake shiga mota, wani tsoho abokin wasansa yana ta ɗaga murya: "Sarkin Ruwa, yau dai za a ga aiki! Kada ka dawo mana da akushi ka ce jirgi ne." Baba ya yi dariya ya ce masa ya tanadi kunnuwansa. Ban taɓa ganinsa yana tafiya da irin wannan ƙarfin ba.

Da hantsi muka isa bakin teku inda ake ja da jirage kan yashi. Wani dillali mai zaƙin baki ya karɓe mu, ya ji iyakar ƙarfinmu, ya ce jirage uku ne za su shiga. Na farko da muka je sai mai shi ya ƙara kuɗi, muka wuce. Na biyu yana cikin ruwa a ɗaure, baƙi ƙirin, yana warin man kifi, gefensa duk faci, zanensa kuwa ɗinki a kan ɗinki. Baba ya shafa shi sau ɗaya ya goge hannunsa. Na ukun yana kan yashi an tokare shi da itatuwa, an yi masa fenti shuɗi da ja, ƙasansa ta waje fari fat da sabon shafen farar ƙasa da kitse. Kuma ya fi baƙin araha. Dillali ya ce mai shi zai koma garinsu ne, shi ya sa yake sauri, kwana tara ke nan da fito da shi daga ruwa.

Baba ya naɗe hannun riga. Ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa gefensa da bayan yatsa, kunnensa a jingine da katako. Ya sa na ɗaga shi ya shiga ciki, ya tattaka, ya sunsuna, ya girgiza itacen da ake ɗaura zane. Masu gyaran jirage da 'yan dako suka fara taruwa suna kallon tsohon Takari, kamar yadda suke kiran mutanenmu, da ke sauraron jirgi. Da ya sauko sai ya bugi gefen da tafin hannu, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Wanga shi ne. Ko a Yawuri ban ga katako mai lafiya kamar wanga ba." Wallahi daɗi ya kama ni har wuya, don jirgin ya shiga raina tun daga nesa.

Ciniki a can ba da baki ake yi ba. Dillali ya yafa mayafinsa a kan hannunsa da na Baba, suka yi ta matsa yatsun juna a ƙarƙashi, fuska ba ta nuna komai, har suka daidaita. Abin da ya rage mai jirgi ya zo bayan azahar, a sake haɗa hannu a karanta Fatiha, in kwance ɗamara. Muka yi salla, muka dawo muka zauna a inuwar jirgin muna cin gurasa da dabino, Baba ya jingina bayansa da farin shafen.

Ina cikin ba shi labarin sunan da zan sa wa jirgin sai na ga ya kai hannu ƙeyarsa. Ya shafa, ya kai yatsa bakinsa. Ya juya ya bi katakon da tafin hannu a hankali, ya tsaya wuri ɗaya, ya jira. Wani ɗigo ya taru a ƙarƙashin farar ƙasar ya gangaro kan yatsansa. Ya sake ɗanɗanawa.

"Kwana nawa yac ce?" ya tambaye ni.

Na ce tara.

"Kwana tara cikin wagga rana, katako na zubda ruwan gishiri." Ya sake shafa wurin. "Na yi shekara talatin da salka a bayana. Na san wadda ke gumi, na san wadda ke yoyo. Wanga ba gumi ba ne. Amma na ƙwanƙwasa, kuma ya amsa mini lafiya."

Kafin in ce wani abu sai ga dillali da mai jirgi, da mutanen ɗazu a bayansu sun zo shafa Fatiha. Dillali ya shimfiɗa mayafi, mai jirgi ya sa hannu, Baba ya miƙe ya sa nasa. Na ga gumi yana bin gemun Baba. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, addu'a nake yi ya yi shiru. Na matsa na raɗa masa: "Baba, ka riga ka ba da magana, mutane na kallo." Tsoron dariyar 'yan dako ya fi mini tsoron teku a wannan lokacin, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

An ɗaga hannuwa za a fara karatu, sai Baba ya zare hannunsa daga ƙarƙashin mayafin.

Dillali ya ce wa Baba, "Ya ammi, mene ne haka? Ai an gama, halas!" Baba bai kula shi ba. Ya juya wajen taron, da Larabcinsa mai gargada wanda yara ke kwaikwaya a unguwa, ya ce: "Jama'a, ɗazu na yi magana da ƙarfi. Ni mutumin kogi ne. Ban san wanga ruwa naku ba. Akwai abin da ke cikin katakon nan da ban gane ba. In da wanda ya sani, ya sanar da ni don Allah."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce dama mai ruwan garwa ina ya san jirgi. Mai jirgi ya hau faɗa yana cewa an ɓata masa suna. Baba yana tsaye cikin farar rigarsa, hannuwansa a sake, bai sunkuyar da kai ba, bai kuma rama ba. Ni ne na sunkuyar.

Sai wani tsohon kafinta, mutumin Yaman, da ke zaune can gefe yana cusa auduga a tsagar wani jirgi, ya taso da kurfinsa na sassaƙa a hannu. Ya kama hannun Baba ya ce ya nuna masa wurin. Ya kankare farar ƙasar kamar faɗin tafin hannu, sai ga ƙananan huji birjik, irin na waken da ƙwaro ya ci. Ya dafa bakin kurfin da ɗan ƙarfi kaɗan, ƙarfen ya shige har rabi, ruwa ya biyo. Ya ɗora yatsun Baba a kan ramin ya ce: "Tsutsa ce, ya hajji. Ta ruwan gishiri. Tana shiga tana ƙarama, ta cinye ciki ta bar baya lafiya. Sama da ruwa ba ta hawa, shi ya sa inda ka ƙwanƙwasa ya amsa maka. A koginku babu ita, ina za ka san ta?" Ya ce wannan jirgin in aka loda masa mutum ashirin da kayansu, igiyar ruwa ta farko mai ƙarfi za ta buɗe cikinsa.

Dariyar ta mutu. Mai jirgi da dillali suka sulale, har mayafin sai da wani ya bi su da shi. Baba kuwa ya durƙusa a kan yashi kusa da kafintan, ya ce, "To, koya mini." Suka shafe lokaci har la'asar, tsofaffi biyu, ɗaya na nunawa ɗaya na shafawa. Kafintan ya kai mu wajen baƙin jirgin nan mai wari, ya sa aka karkata shi, ya kankare ƙasansa wuri biyar yana ba Baba kurfin ya soka da kansa. Ƙarfen bai shiga ba. Ya ce warin nan man kifi ne da mai shi bai taɓa fashin shafawa ba, facin kuma alamar an kula da shi ne, zane kawai zan sake in hali ya samu. Kuɗinsa ya cinye ɗamarar tas, har kuɗin motar komawa sai da kafintan ya sa baki aka rage mana. Shi muka saya, kuma shekara goma sha ɗaya ina aiki da shi.

A hanyar komawa na yi ta shirya abin da zan gaya wa maƙwabta. Na yanke zan ce Baba ya duba uku ya zaɓi mafi ƙarfi, in tsaya nan. Ba ƙarya ba ce ƙwarai, kuma wa zai je Jidda ya bincika? Washegari bayan la'asar aka cika ƙofar gidanmu, abokin wasan nan nasa yana gaba. Na buɗe baki ke nan Baba ya dafa gwiwata. Ya ba da labarin da kansa, bai rage komai ba, har bugun da ya yi wa jirgin da tafin hannu, har dariyar da aka yi masa. Abokin nasa ya ce, "Kai kuwa da ka yi shiru wa zai sani? Ka zubar da girmanka gaban 'yan dako a kan ɗigon ruwa?"

Baba ya ce, "Ɗana ne zai hau shi."

Ni ɗan fari ne. A al'adar mutanenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya nuna shi a gaban mutane, kuma tun da na yi wayo "kai" ko "wancan" nake ji daga bakinsa. Ranar ce ta farko da na ji ya ce ɗana, kuma bai dube ni ba da ya faɗa. Na tashi na shige cikin gida kamar zan ɗebo ruwa, na tarar da Inna a bayan ƙofa tana share ido da gefen mayafinta.

Na yi shekaru a cikin mutane bayan wannan, na ga masu ilimi da masu dukiya sun gwammace su yi asara, wani lokaci har su jawo wa na kusa da su, da dai su buɗe baki a gaban jama'a su ce ba su sani ba. Ni ma na sha jin nauyin kalmar a harshena. Abin da na koya a wurin Baba shi ne, in abin da za ka rasa girmanka ne, abin da za ka tsare kuma ran wani ne da ya dogara da kai, to ka janye hannunka ko an fara Fatiha, ka bari a yi dariyar. Allah ya jiƙansa, ya sa kabarinsa ya yi sanyi.