Rigar Kawu Barau da Kwikwiyon Gayam

Duk wanda ya san Kawu Barau ya san rigarsa. Gwaggo Dije, matarsa, ta ce wai shuɗiya ce a da, amma ni ban riske ta da launi ba. Ni tela ne, kun san shagona a bakin kasuwa, kuma babu wanda ya sha wahalar rigar nan a Birnin Gwari kamar ni. Sai ya shigo ya tuɓe ta, ya ɗora mini a kan keke, ya zauna da singileti yana jira.

"Kawu, don Allah rigar nan ta gaji," in ce masa. "Facin da ke jikinta ya fi yadin yawa."

Sai ya ɗaga ta sama ya duba, ya ce, "Da sauranta, Sani. Ɗinka."

Maganarsa ke nan a kan komai. Takalmi ya tsinke, da sauransa. Sabulu ya koma kamar farce, da sauransa. Wata Sallah na ɗinka masa farar shadda da aiki a wuya, kwana uku ina kanta. Ya shafa, ya sa mini albarka, ya ninke ta ya tura ƙasan akwati da kafur, ya tafi Idi da tsohuwar. Raina ya ɓaci, har na yi mako ban je gaishe shi ba.

To, girma ya zo, ido ya fara tafiya. Likita ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, sai dai magani a rage masa gudu. Kawu ya ce likita yaro ne. Asirinsa bai tonu ba sai ranar da ya tsaya a gaban turmi da aka yafa wa zane, yana zazzaga masa faɗa wai an bar ƙofar awaki a buɗe. Gwaggo ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, ga ni nan fa. In turmin ya ba ka amsa ka gaya mini."

Da labari ya kai wa Hamisu, babban ɗansa, sai ya taso daga Kaduna, ya tara mu a zaure. Ya ce daga bana Baba ya daina zuwa gona. Kun san tun da daji ya lalace aka bar manyan gonakin ciki, guda ɗaya ta rage wa Kawu a bayan gari, kuma akwai kwazazzabo a kan hanyarta. Gonar nan ita ce ke fitar da shi daga ɗaki kowace safiya.

Kawu ya saurara har Hamisu ya gama, sannan ya ce, "In kun hana ni gona, ga tela nan zaune, ya auna mini likkafani."

Aka yi ta ja. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa in damina ta faɗi, in ya iya zuwa ya dawo ba wanda ya riƙe masa sanda, za a ƙyale shi. In ya kasa, ya zauna.

"Amma Baba, da wane idon?" in ji Hamisu.

"Da sauransa. Kuma zan samo ƙari."

Washegari ya sa na goya shi a babur sai Gayam, wurin wani tsohon abokinsa Gbagyi mai suna Ayuba, wanda karnukansa suka yi suna. Mafarauta da masu gadin gona har daga Kuyello suke zuwa neman iri a wurinsa. Muka tarar karyarsa ta haihu, kwikwiyo shida suna birgima a gindin rumbu. Ayuba ya cafko mafi girma ta fatar wuya ya ɗaga.

"Malam Barau, taɓa ka ji ƙirji. Ko kuka bai yi ba. Wannan zomo ba zai tsere masa ba."

"Na ce maka zomo nake nema?"

Kawu ya juya ya lallaba zuwa gindin mangwaro ya zauna a kan dutse, bai kira ba, bai yi fito ba. Muka tsaya muna kallonsa kamar sakarkaru. Biyar suka ci gaba da kokawarsu. Can sai wani ja, siriri, mai kunne ɗaya a karye, ya tako ya shinshina gefen rigar, ya kwanta a kan ƙafarsa. Kawu ya miƙe ya fara tafiya a hankali. Kwikwiyon ya sha gabansa, ya yi 'yar tafiya, ya tsaya.

"Sani, ya waiwayo?"

"Ya waiwayo, Kawu."

Ya ƙara taku, kwikwiyon ya sake yin gaba, ya sake tsayawa ya waiwayo. Kawu ya ce, "Shi ne. Kare mai gudu kowa yana da shi. Ni mai waiwaye nake so."

Ayuba ya ce bai isa yaye ba, sai bayan kwana goma. Kuma shi al'adarsa, duk wanda ya zaɓi kwikwiyo yakan bar wani abin da yake sawa a jiki, a shimfiɗa wa ɗan karen ya saba da warin mai shi kafin a raba shi da uwarsa. "Hularka ma ta isa," in ji shi.

Kafin in ankara Kawu ya tuɓe rigar.

"Haba Kawu! Yau fa kasuwa ke ci, kuma ta tsakiyarta za mu bi."

"Hula ba ta san ni kamar rigar nan ba. Tayar da babur."

Haka na shigo gari da shi, daga shi sai singileti da hula, yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Ni kuwa kunya kamar in nutse. A bakin tasha jama'a suka yo kanmu, hankali a tashe, suna tambaya ko an tare mu ne a hanya. Kawu ya ce, "Lafiya lau. Aron riga na bayar."

Kwana goman nan dole ta sa ya ciro shaddata. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi, har nakan bi ta ƙofar gidan don kawai in gan ta a jikinsa. Da ita muka koma Gayam ɗauko kwikwiyo. Sai ga shi ɗan banzan ya shinshina kafur, ya yi atishawa, ya ruga ƙarƙashin rumbu ya ƙi fitowa. Sai da Ayuba ya jawo tsohuwar rigar aka naɗe shi a ciki, Kawu ya rungume shi, sannan ya yi lamo. Hanyar kuwa kun san ta, rami a kan rami. Ba mu yi rabi ba kwikwiyon ya kelaya amai a kan aikin wuyan da na yi kwana uku ina yi. Na tsayar da babur. Kawu ya shafa wurin da ganye, ya ce, "Yauwa. Yanzu ta fara zama riga."

Gwaggo Dije na tsaye a bakin zaure tana jiranmu da dokokinta. Ba ɗakinta, ba madafa, ba kusa da buta ko tabarmar salla. Kawu ya amince da duka, ya ce a gindin rumbu zai yi masa rumfa. Rikici bai tashi ba sai da ya nemi sabulu zai wanke tsohuwar rigar ya mayar jikinsa.

"Malam, kwana goma karnuka shida na kwana a kanta. Ko ni ko rigar nan."

Kawu ya tsaya yana jujjuya rigar a hannu.

"Au, tunani ma kake yi?"

Haka rigar ta zama shimfiɗar kwikwiyo. Ya raɗa masa suna Ba-gardama. Gwaggo ta ce ta gode Allah da aka samu mai wannan hali a gidan, ko da kare ne.

Duk ranin nan, kullum da hantsi, za ku gan su a hanyar gona, alhali babu abin yi a can sai kara. Kawu ya ɗaure karen da igiyar rama a ƙugunsa, yana tafe yana yi masa bayani kamar ɗan makaranta. Nan ɗorawa ce. Nan kwazazzabo ne, a nan ake tsayawa. Mutane suka yi ta dariya, ni ma na yi. Ba fashi suka yi wata shida, har igiyar ta zama ba a bukatarta.

Da ruwa ya sauka Hamisu ya zo ganin alkawari. Bai yarda da labari ba, sai ya ce in raka shi mu bi bayansu a ɓoye. Ashe ruwan shekaranjiya ya zabtare bakin kwazazzabon, daidai inda ake takawa. Muna hange Kawu ya doshi wurin. Hamisu ya buɗe baki zai yi ihu, sai karen ya ja ya tsaya, ya gitta jikinsa a gaban ƙafafun tsohon. Kawu ya taɓa ƙasa da sanda ya ji babu. Ba-gardama ya bi ta sama inda ƙasa ke da ƙarfi, yana tafe yana waiwaye, har suka haye.

Daga can ƙetare Kawu ya juyo ya ce, "Hamisu, fito daga bayan ɗorawar nan. Ban gan ka ba, amma turarenka ya riga ka isowa. Tunda kun zo, ga fartanya."

Hamisu yana dariya yana share hawaye. Mu biyu muka yini muna yi masa noma, shi yana zaune a inuwa yana cewa ba mu iya ba.

Damina huɗu ya ƙara yi a gonar nan da ƙafarsa. Bara, bayan an shigar da dawa rumbu, ya kwanta kwana uku, Allah ya karɓi abinsa. Har yau da hantsi Ba-gardama yakan fita ya tsaya a ƙofar zaure yana waiwaye, sai ya gaji ya koma gindin rumbu.

Makon jiya Gwaggo ta shigo shagona da wani abu a leda, tana riƙe da shi nesa da jikinta. Rigar ce, ta wanke ta da kanta. Ta ce ta yage gida biyu, karen kuma ya ƙi kwanciya a kan buhun da ta shimfiɗa masa.

"Sani, duba mini. Ko ta ƙare ne?"

Na ɗaga ta sama na duba. Duk facin nan nawa ne, na san kowanne. Na ce mata da sauranta, na zare allura.

Allah ya jiƙan Kawu Barau, ya yafe masa kurakuransa. Yadda bai taɓa yar da abu don ya tsufa ba, ya Allah kada ka yar da shi. Ka haskaka masa kabarinsa, ka mayar masa da ganinsa a Aljanna. Amin.