Sagiru da Ƙotar Bindiga

Sagiru ɗan Funtuwa ne, jikan masassaƙa turmi. Karatun fiƙihu ya kawo shi Alƙahira, inda yake haya a unguwar Faisal tare da Hassumi, wani ɗalibi ɗan Maraɗi.

Wata rana ya kai gyaran kujera shagon wani tsohon kafinta mai suna Isam. Ya tarar da shi yana tsaga siraran layuka masu giciye a jikin ƙotar bindigar farauta, irin zanen da ke hana hannu zamewa. Sagiru ya tsaya kallo har tsohon ya tsargu, ya rufe ƙotar da tsumma.

"Wa ya aiko ka?"

"Babu kowa, Ammu. So nake in koya," in ji Sagiru, yana kiransa baffa da Larabci.

Sai da ya yi wata guda yana sintiri kafin Isam ya miƙa masa guntun katako da ɗan ƙarfe mai haƙora biyu. Ya ce layin farko shi ne uwa, in ya karkace sauran duk sun bi shi. Na Sagiru kuwa karkacewa suka yi ta yi. Katako bakwai ya ɓata.

Da hannunsa ya fara faɗawa, aka ba shi wata tsohuwar ƙota ya gwada. Murna ta sa ya tafi da ita gida cikin jaka. Hassumi na ganinta ya tashi ya kulle ƙofa.

"Malam Sagiru, ina sauran bindigar?"

"Wallahi itace ne kawai."

"Itacen wa? Ka san masu kawo wa tsohon nan aiki?"

Bai sani ba. Daga ranar ya fara lura da masu shiga shagon, musamman wani mai baƙin tabarau da ba ya sallama. Da ya tambaya, Isam ya ce maharban agwagwa ne masu lasisi, kuma shi katako kaɗai yake karɓa, ƙarfen bindiga ba ya shigo masa shago.

"Khalas, ya isa, koma aikinka," in ji shi, idonsa na kan titi.

Da Sagiru ya kai masa wannan bayani, Hassumi bai gamsu ba. Ya ce ba zai rasa takardar zamansa a kan katakon wani ba, ya kwashe littattafansa ya koma unguwar Hayyus Sabi'.

Sagiru ya mayar da ƙotar, bai ƙara fita da komai daga shagon ba. Har yau yana zuwa duk Alhamis, yanzu ma shi ke ƙarasa zanen gefen ƙota. Amma da zarar mai tabarau ya shigo, sai ya ajiye ƙarfensa ya fita neman shayi.