Getzel, Sau Uku Ka Zo Ƙofata

Ranar Litinin, bakwai ga watan Tishri na kalandarmu ta Yahudawa, saura kwana uku mu shiga babban azumin neman gafara, aka gaya mini a ƙofar wurin ibadarmu cewa Getzel Brodsky mai gidan burodi ya rasu. Ciwon zuciya ne, wai ko tanda bai gama kunnawa ba. Har yau kaina bai dawo daidai ba.

Getzel, duk unguwarmu a Montreal an san halinka. Kowace Juma'a sai ka kai wa matan da mazansu suka rasu burodin Asabar, kana rantsuwa wai ya ƙone, ba mai saye. Ƙarya kake, lafiyayye ne. In mun zauna karatu kuma, maganarka ɗaya ce: Allah ya san hanyar da mutum zai bi, amma ƙafa ta mutum ce. Shekara arba'in ina maka musu, kana ce mini mai kan dutse.

Bara iyayen yarinyar da ɗana Leibel yake nema suka tambaye ka halinsa, ka ce yana buɗe shago ran Asabar, ranar da addininmu ya hana aiki. Aure ya watse. Gaskiya ka faɗa, shi ya sa ta fi ciwo.

Wannan watan sau uku ka zo neman yafiya, kamar yadda addini ya ce. A zuwa na ukun ka cire tabarau kana gogewa, ka ce, "Anshel, nawa na yi. Saura naka." Na ce shayina yana hucewa, na rufe ƙofa.

Wallahi na yi niyyar zuwa jajibirin azumi. So nake ka ɗan ji jiki tukuna. To, ni na zaɓi jinkirin, ko an riga an rubuta Litinin ɗin? In an rubuta, ina laifina? In ba laifina, me ya hana ni cin abinci? Na tambayi malaminmu, ya ce wanda ya ƙi yafewa sau uku, laifin ya koma kansa, sai in tara maza goma in je kabarinka ni ma in roƙa. Zan je. Amma wa zai amsa mini?

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta cikin salihai. Perel, uwargidansa, da 'ya'yanku, Allah ya sanyaya muku zuciya tare da duk masu makoki. Na zo gaisuwa, Perel, kika ba ni kujera. Na gode.

Getzel, na yafe. Allah ya sa yafiyar ta isa gare ka.